Neman Ɗaki a Madarumfa

Abubuwa da yawa shekaru sun goge mini su, sai wani ya tuna mini in ce ashe an yi haka. Amma yammacin da aka zaunar da ni kan tabarma a bakin tafkin Madarumfa, mutanen unguwa guda suka kewaye ni suna jiran su ji ko ni wane ne, wannan kam ba na jin zan manta da shi har in koma ga Mahaliccina.

A tsakiyar shekarun casa'in ne. Lokacin ina yi wa wani kamfanin buga littattafai na kudancin Najeriya aikin fassara. Su aiko mini da littattafan yara na Turanci, ni kuma in mayar da su Hausa. Da muna da ɗan ofishi a Kaduna, sai aka rufe shi, manajan ya ce in zauna duk inda na ga dama, su dai aikinsu ya riƙa isa gare su a kan lokaci. Yau wannan ba abin mamaki ba ne, yaranmu na zaune a ɗaki da waya suna yi wa mutanen wata ƙasa aiki. A wancan zamani kuwa, in mutum ya ce yana da aiki amma ba ya zuwa wurin aiki, sai an sake dubansa.

Abin da ya kai ni Madarumfa ba wani babban dalili ba ne. Na taɓa zuwa ɗaurin aure Maraɗi, a hanyar dawowa direbanmu ya ratse ya sauke wani fasinja, sai na ga ruwa shimfiɗe a tsakiyar ƙasar da na ɗauka babu komai cikinta sai rairayi da gero. Fararen tsuntsaye a kan itatuwa, kwalekwale ɗaya can nesa kamar ba ya motsi. Hoton nan ya zauna mini a rai. Ni kuma tun ina yaro Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf, in na ga abu sai na san yadda aka yi ya zama haka. Da aka sake ni daga ofis, sai na ce bari in je in ga yadda ake rayuwa a bakin ruwan nan. Na saki gidan hayarmu na Kaduna, na kai matata da yaranmu biyu gidan iyayenta a Katsina, na yi mata alkawarin da zarar na sami wuri zan dawo in ɗauke su. Na tsallaka iyaka ta Ɗan Issa da akwati ɗaya, da tafireta, da wani littafi da na fassara rabinsa.

Wani direba ne ya sauke ni a gidansa, abokin yayan matata, mai jigilar fasinja tsakanin Ɗan Issa da Maraɗi. Mutumin kirki, mai yawan dariya. Ya share mini ɗakin da ke jikin zaurensa, ya ce in zauna har in sami nawa.

Damina ta kusa ƙarewa, gero ya yi kai, tafki ya cika har ya taɓa gindin itatuwa. Kowace safiya in yi aiki da tafireta har hantsi ya ɗaga, sannan in fita zagayen gari. Ban daɗe ba na gane garin, a idon baƙo irina, kashi uku ne. Akwai wajen ofisoshi inda ma'aikatan gwamnati suke, gidajen siminti, wasu har da wutar lantarki wadda su a can suke kira kuran. Akwai wajen tasha da kasuwa, inda 'yan kasuwa da masu motoci suke, wuri mai rai, ba abin da za ka nema ka rasa. Sai kuma can gangare, unguwar masunta da masu lambu, gidajen ƙasa, hayaƙin bandar kifi, da sauro. Wannan ta ukun ko lissafa ta ban yi ba.

Da yake zama zan yi da iyali, sai na duƙufa tambaya. Ina ake ɗebo ruwa? Ina ruwan sama ke bi in ya sauko? Wace rana kasuwa ke ci? Ina makarantar yara, wadda suke ce wa lakwal? Duk wanda na zauna da shi sai na tatse shi, kuma abin yana yi mini daɗi, domin Hausarsu ma kanta abin saurare ce. Wata rana a teburin mai shayi na zauna kusa da wani ɗan kasuwa, ƙaƙƙarfan mutum mai tabo a goshi. Hira ta yi daɗi, sai na ce masa, "Alhaji, wai me ya sa da asuba nake jin babura suna bi ta bayan gari ɗauke da jarkoki, ga kuwa hanyar mota a buɗe?"

Ya dube ni, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Hanyar ta hi kusa."

Ni har ga Allah abin da ke raina shi ne kada in kama gida inda ƙarar babura za ta riƙa tashin jaririyarmu. Ban san cewa na taka wurin da ba a takawa ba. Garin kan iyaka ne, rabin abincin mutane daga ƙetare yake shigowa, ba kuma kowane kaya ne ke son haɗuwa da 'yan duwan ba, wato jami'an kwastan.

Gidan farko da na gani a unguwar ma'aikata yake, na wani tsohon malamin makaranta da kowa ke kira Mushe, yadda suke kiran malamin boko da Faransancinsu. Ɗaki biyu da falo, ga bishiyar dalbejiya a tsakar gida, ga shiru irin wanda mai aikin rubutu ke mafarki. Muka yi magana, ya ce in dawo jibi in karɓi mabuɗi. Da na koma, ya tarbe ni da fara'a fiye da ta farko, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya ce wani ɗan'uwansa zai zo daga Damagaram, shi zai shiga gidan. Na ce Allah ya kawo shi lafiya. Ban kawo komai a raina ba.

Na biyu a wajen tasha yake, gida mai rijiya a ciki. Mai shi ya zaga da ni ko'ina, har ya nuna mini inda matata za ta ɗaura igiyar shanya. Washegari ya ce an riga ni. Na uku ma haka. Na huɗu kuwa mai gidan bai ko bari na shiga ba, daga bakin ƙofa ya ce rufin yana yoyo, alhali ina kallon sabon kwano yana ƙyalli a rana.

Nan na fara lura da wasu abubuwa. In na isa teburin mai shayi, hirar da ake yi sai ta mutu, a koma zancen ruwan sama. Gaisuwa ta gajarce. Ba wanda ya taɓa ɗaure mini fuska, kowa da murmushinsa, amma murmushin kamar ƙofa ce da aka rufe a hankali don kada ta yi ƙara. Abin ya fi ba ni mamaki a kan ya ba ni haushi. Na yi ta juya shi a raina: shigata ce? Hausata ce ta Kaduna? Ko kuwa haka ake yi wa kowane baƙo?

Mai masaukina ne ya warware mini. Wata rana ya dawo daga hanya da wuri, bai yi dariyar da ya saba ba. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakina ya daɗe yana murza hularsa.

"Malam," ya ce, "Alhajin nan da kuka sha shayi da shi, an kama mishi kaya a hanyar bayan gari. Kaya masu yawa."

Na ce, "Subhanallahi. Allah ya mayar masa da alheri."

"Amin. To amma mutane na cewa kai ne."

Na ce ni kuma? Ya ce in tsaya in duba da idonsu. Mutum ya zo daga Najeriya, ba gona, ba shago, ba ofis. Kullum yana ɗaki yana buga inji ƙwas-ƙwas-ƙwas. In ya fito, ba abin da yake yi sai tambaya. Kowane mako ya ɗauki ambulan ya tafi gidan waya a Maraɗi. In an ce wa yake yi wa aiki, ya ce wasu mutane ne can kudu waɗanda ba wanda ya taɓa gani. "In kai ne," in ji shi, "mi za ka ce?"

Ni kaina da aka jera mini haka sai na ji ina zargin kaina.

Ya ce, "Ba korarka nike ba, wallahi. Amma ni a tashar nan nike cin abinci, kuma an fara barin motata ana shiga ta baya."

Wannan maganar ita ta fi yi mini nauyi. Na jawo wa mutumin da ya rufa mini asiri asara. Ga matata can tana jira, duk direban da ya zo daga Katsina sai ya kawo saƙonta na tambayar yaushe. Ga littafin mutane ya tsaya, domin tun da abin ya fara ba na iya haɗa jimla biyu masu kyau. Gidan Kaduna kuwa na riga na sake shi. Na yanke shawarar in tattara in koma, in san abin da zan gaya wa surukaina.

Kafin in tafi sai na ce bari in je in yi wa tafkin kallon ban kwana, tunda shi ya kawo ni. Na gangara ta unguwar masuntan nan da na raina. A gindin wata tsamiya na tarar da wani dattijo siriri yana ɗinke ragar kamun kifi, ya maƙale bakinta da babban yatsan ƙafarsa. Na yi sallama zan wuce, ya ce, "Tsaya mana. Kai ne baƙon nan mai injin rubutu?"

Na ce ni ne, Baba.

"Ni ne mai unguwar nan. Ana ta maganarka a gari, har kunnena ya gaji. Wasu su ce kaza, wasu su ce kaza. Ni kuwa ban ga amfanin a yi ta zancen mutum ba alhali shina gari, shina da baki. Gobe bayan la'asar ka zo nan da injin naka da takardunka, ka nuna muna abin da kake yi. In gaskiya gare ka, kowa ya gani. In babu, kowa ya gani."

Ya mayar da kansa kan ragarsa kamar ya gaya mini farashin kifi.

Ban ɓoye muku ba, na ji tsoro. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani sanyi, domin tun da na shigo garin, in ka cire mai masaukina, shi ne mutum na farko da ya dubi idona ya ce mini ga abin da ake ciki.

Washegari na ɗauko tafireta a ka kamar mai talla. Na zaci dattawa huɗu ko biyar zan tarar. Ashe labari ya zaga. Masunta, masu lambu da ƙafafunsu duk laka, mata a gefe guda tsaye da zannuwansu masu warin hayaƙi, har da mutanen tasha. Alhajin da aka kama wa kaya yana zaune a gaba, ya harɗe hannuwa. Mai masaukina ya tsaya can baya, ya kasa haɗa ido da ni.

Aka shimfiɗa mini tabarma, na ajiye injin a kan wani turmi da aka kifa. Na yi bayanin aikina iyakar iyawata, na ga dai maganar ba ta shiga. Sai wata tsohuwa ta matso, yayar mai unguwa ce, kowa Inna yake ce mata, ita ce babbar mai bandar kifi a wurin. Ta leƙa injin ta ce, "Ɗana, duk abin da mutum ya hwaɗa, abin nan shina kamawa?"

Na ce in na buga, yana kamawa.

"To buga wannan: ƙanena mai unguwa ya ci mini kifi uku bai biya ba."

Aka fashe da dariya. Na buga, na zare takardar, aka miƙa wa wani mai lambu da ya yi lakwal. Ya bi ta da yatsa yana haɗa baƙaƙen, ya karanto maganar Inna tiryan-tiryan. Wuri ya sake kaurewa, mai unguwa na cewa sharri ne, kifi biyu ne.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan wasa ne. Waɗanda ya riga ya buga nike son ji." Ya tashi da kansa, ya zaro takarda daga tsakiyar tarin, ya miƙa wa mai lambun ya fara karantawa don kada in canja, sannan aka ba ni in ci gaba.

Labarin wata yarinya ne a wani ƙauyen bakin teku. Ubanta masunci ne, ya fita da kwalekwale da safe, hadari ya taso, sauran jirage suka dawo ban da nasa. Kullum yarinyar sai ta hau wani dutse tana duban ruwa, mutanen gari suna ce mata ta haƙura. Na fara karatu. Can na ɗaga kai, sai na ga waɗanda ke tsaye sun zauna.

Wani masunci ya katse ni. "Malam, tsaya. Wane irin ruwa ne mutum zai ɓace a cikinshi? Ba sai ya nufi gaɓar can ba?"

Na ce ruwan ba a ganin gaɓarsa ta can, ko an yi kwanaki ana tuƙi. Suka dubi tafkinsu, suka dube ni. Na ƙara da cewa ruwan gishiri ne, ba ya shayuwa. Nan fa gardama ta tashi, wani ya ce to kifin ciki ba ya bukatar gishiri ke nan in za a dafa. Abin mamaki, Alhaji ne ya raba gardamar. Ya ce shi ya je Kwatano sarin kaya, ya ga ruwan da idonsa, ya ɗanɗana ya tofar, kuma igiyar ruwansa ta fi soron gida tsawo. Yana cikin kwatantawa da hannu sai ya tuna abin da ya kawo shi, ya yi gyaran murya ya koma ya zauna.

Na ci gaba har inda fassarata ta tsaya: yarinyar na kan dutse, ta hango wani abu baƙi yana tasowa can nesa a kan ruwa. Na ajiye takardar.

"To sai mi?" in ji Inna.

Na ce nan na tsaya, ban fassara sauran ba.

"Uban ne ko ba shi ba ne?"

Na ce na san ƙarshen, tunda na karanta na Turancin, in suna so in faɗa musu yanzu a taƙaice. Mutane suka ce in faɗa. Inna ta ɗaga hannu ta ce, "A'a. Kada ka ɓata shi. Yadda ka jero na farkon, haka za ka jero sauran."

Alhaji ya ce shi har yanzu yana da tambaya ɗaya: me ya kai ni zancen hanyar bayan gari? Na gaya masa gaskiya, jaririya gare ni mai saurin farkawa, ina gudun ƙarar babura ne, sannan kuma ni mutum ne da in na ga abu sai na tambaya. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba.

Mai unguwa ne ya rufe taron. Ya ce, "Malam, ka zo garinmu ka tambayi rijiyarmu, ka tambayi kasuwarmu, ka tambayi hanyoyinmu. Kai wa ka zamna ka gaya wa naka? Ko sunan garin ubanka ba wanda ya sani. Wanda bai san ka ba, dole shi ƙaga maka labari."

Kafin in amsa, Inna ta ce sashen ɗanta da ya koma Maraɗi yana nan a rufe, ɗaki biyu ne da rumfa. Babu kuran, akwai sauro, hayaƙin bandarta kuma ba ya neman izini kafin ya shiga. In ina so in je in gani. Na ce ina so tun ban gani ba.

A rumfar nan na ƙarasa littafin. Duk shafin da na gama, da la'asar sai an taru an ji. Abin da yarinyar ta hango ba ubanta ba ne, kwalekwalensa ne babu kowa ciki, ranar har wata mata ta yi kuka ta ce marubucin ba shi da imani. Sai a babin ƙarshe uban ya dawo ta tudu, a ƙafa, bayan wasu masunta na wata ƙasa sun tsamo shi. Inna ta ce ita dama ta san zai dawo, amma da na kuskura na faɗa tun ranar farko, da sai dai in bar garin in nemi ɗaki can ƙauyen Safo.

Na je na ɗauko iyalina kafin a gama girbi. Shekara huɗu muka yi a unguwar. Wanda ya tsegunta kayan Alhaji kuwa har na bar garin ba a sani ba, mai yiwuwa ma ba wanda ya tsegunta, tsautsayi ne kawai. Bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba. Sai dai wata safiya ya tsaya a ƙofar gida ya ce zai shiga Katsina, in ina da ambulan in kawo, gidan wayar can ya fi sauri. Daga ranar shi ya riƙa kai mini aikina.

Na zauna a garuruwa da dama bayan wannan, kuma duk inda na sauka ba na fara tambayar ruwa ko wuta. Nakan fara zama in faɗi ko ni wane ne, daga ina nake, me nake ci da shi, tun kafin a tambaye ni. Sannan in saurara in ji wace unguwa ce mutanenta ke iya duban baƙo su gaya masa abin da ke ransu game da shi. Inda aka yi mini murmushi aka rufe ƙofa, ban ƙaru da komai ba. Inda aka zaunar da ni a gaban jama'a aka tuhume ni, nan na sami gida.